Ruwa Ne Ya Ragu, Ko Kuwa Lokacinsa Ne Ya Rikice?

 A wannan fitowa za mu yi magana a kan abin da ke bakin kowane manomi daga Andarai har Maiyama, daga Jega har Aliero, wato maganar ruwan sama. Duk inda muka zauna da manoma, ba a gama gaisuwa sai wani ya ce, "Malam, damina ta lalace, ruwan yanzu ba irin na dā ba ne." In muka tambaya mene ne ya sāke, amsar da ta fi fitowa ita ce ruwa ya ragu. Amma masu auna ruwa da ma'auni suna cewa ruwan da ke sauka a ƙasashen nan namu yanzu ya fi na shekarun 1970 da 1980 yawa. To, wa ke da gaskiya? Wannan ba gardamar gindin itace ba ce. Wanda ya ɗauka ruwa ne ya ragu, shirinsa dabam, wanda kuma ya gane lokacin ruwa ne ya rikice, nasa shirin dabam. Irin da za mu shuka, da takin da za mu saya, da bashin da ƙungiya za ta ci, duk suna jiran amsar.

Abin da manoma ke gani

Dattawa sun ce dā ana lissafin damina da wata. In watan bakwai na manoma ya kama, kowa ya gyara sungumi, gama an ce watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Shamuwa ta dawo ta yi sheƙa a cikin gari, gawo ya fara zubar da ganye, iska ta juya tana busowa daga kudu maso yamma. In an ga waɗannan, an san shuka ta kusa. Har yanzu alamun nan suna zuwa, sai dai manoma sun ce sun daina riƙe alkawari.

Kukan da muka fi ji shi ne na farkon damina. Ruwa ya sauka sosai a watan Mayu, kowa ya fita da iyalinsa a yi shuka, gero ya tsiro gwanin sha'awa, sa'an nan sama ta yi tsit mako biyu ko uku. Rana ta ƙone tsiron, iska ta binne saura da rairayi. A sāke shuka a watan Yuni, wani lokaci ma har sau uku. Mai ƙaramin ƙarfi, kafin shuka ta kama, irinsa ya ƙare, ya koma aro ko ya sayo hatsin kasuwa wanda bai san asalinsa ba.

Kuka na biyu na watan Agusta ne. Ruwan da ya kamata ya sauka a hankali cikin mako guda, sai ya zubo a dare ɗaya, ya fasa kunya, ya kwashe taki, ya rushe katanga. Na uku kuwa na ƙarshen damina ne, shi ma ba shi da tabbas. Wata shekara ruwa ya ɗauke tun dawa tana bununi, wata shekara kuma ya zarce har cikin Oktoba ya ruɓar da wake, ya jiƙa damman gero a gona. Manoman albasa na Aliero suna da nasu kukan, cewa sanyin hunturu ba ya daɗewa, zafi yana shigowa da wuri.

Ku lura da kyau. Cikin dukan koke-koken nan, babu wanda ya shafi jimlar ruwan shekara. Dukansu maganar lokaci ce da ta yadda ruwan ke sauka.

Abin da ma'auni ya rubuta

Akwai wuraren da aka daɗe ana auna ruwan sama kullum, kamar Sakkwato da Yelwan Yawuri, da garuruwa da yawa na Nijar. Littattafansu sun nuna cewa shekarun 1950 da farkon 1960 shekarun ruwa ne ƙwarai. Daga wajen 1968 ruwa ya fara ja da baya. Aka yi babban fari a 1972 da 1973, dabbobi suka mutu, mutane suka bar garuruwansu. Aka sāke yin wani a 1983 da 1984, wanda a wurare da yawa ya fi na farko tsanani. A cikin yankin Sahel, wato ƙasashen da ke bakin hamada daga Senegal har Chadi, ruwan waɗannan shekaru ya kasa na shekarun 1950 da kamar kashi 30 cikin 100. Fari kuma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, gama tun kafin wannan, kakanninmu sun ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914.

Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa. Bai kai na zamanin 1950 ba, amma ya fi na shekarun fari nesa ba kusa ba. Saboda haka tsoho mai shekara tamanin da ya ce ruwa ya ragu, gaskiyarsa, domin da ƙuruciyarsa ya ga damina mafi albarka da aka yi cikin ƙarnin da ya wuce. Abin mamaki shi ne magidanci mai shekara arba'in da biyar, wanda aka haifa a tsakiyar shekarun fari, shi ma cewa yake yi ruwa ya ragu. In da jimla ake bi, ai ruwan da yake gani yanzu ya fi na yarintarsa.

Wannan magidanci ba ƙarya yake yi ba, ba kuma mantuwa ce ta kama shi ba. Shi gonarsa ce ma'auninsa. Masu bincike da suka bi littattafan ruwa na tsakiyar Sahel, wajen Nijar da Barkina Faso, sun tarar jimlar ruwa ta ƙaru, amma yawan ranakun da ake yin ruwan bai koma yadda yake dā ba. Ruwan da ya ƙaru, cikin manyan hadura ya ƙaru. A 2017 wasu masana, da jagorancin Christopher Taylor na ƙasar Ingila, suka duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, suka ga manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka har sau uku tun daga 1982.

Bari mu kwatanta da lissafi. Ana auna ruwa da milimita. Milimita 1 daidai yake da lita 10,000 a kan hekta guda, wato duro 50 na lita 200. A yankinmu ruwan shekara yakan kama tsakanin milimita 700 da 900, ya fi haka can wajen Yawuri, ya kasa haka wajen Sakkwato. Gero kuwa milimita 400 zuwa 500 sun ishe shi in sun zo a kan kari. Ashe ko a shekarar da muke kira mummuna, ruwan da ya sauka yakan fi abin da gero ke bukata. To, a ce hadari guda ya zubar da milimita 100 a dare ɗaya. Duro 5,000 ke nan a kan hekta guda. Jigawa ba ta iya riƙe wannan. Kaɗan ne zai tsaya inda saiwa take, wani ya nutse can ƙasa da takinmu, mafi yawa ya gangara kwari. A littafin ma'auni an rubuta milimita 100, a wurin gero kuwa bai fi ruwan 'yan kwanaki ba. In aka yi kwana goma sha biyar bayan wannan ba ɗigo, gero zai yi yaushi kamar ba a taɓa ruwa ba. Kamar a ba mutum tuwon mako guda ne a rana ɗaya, a ce ya cinye, sa'an nan a bar shi kwana shida. Mai rabon tuwo zai ce ya ba da cikakke, mai ci kuwa zai ce an bar shi da yunwa.

Me ya kawo haka?

In muka tambayi manoma dalili, amsa biyu muka fi samu. Wasu su ce saran itatuwa ne, wasu su ce ikon Allah ne saboda zunuban mutane.

Mu da maƙwabtanmu Musulmi duka mun gaskata ruwa kyautar Allah ce, duka kuma mukan yi roƙon ruwa in fari ya matsa. Wannan daidai ne. Amma sanin haka bai hana mu lura da hanyar da ruwan ke bi ba, kamar yadda mai roƙon lafiya bai daina tambayar abin da ke kawo zazzaɓi ba. Ruwan daminarmu daga teku yake tasowa, can kudu, iska ta turo shi arewa sa'ad da ƙasa ta yi zafi. Masana sun gano cewa farin 1970 da 1980 yana da alaƙa da sauyin ɗumin ruwan tekuna, kuma hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na wancan zamani ya taimaka wajen sanyaya arewacin tekun Atlantika, abin da ya ja daminar ta tsaya kudu.

Abin da ke faruwa yanzu kuwa ɗumamar duniya ce. Ƙona man fetur da gawayin ƙasa da gas yana cika sama da wata iska da ke riƙe zafi kamar bargo. Kafin zamanin injuna, iskar nan kashi 280 ce cikin miliyan, yanzu ta haura 420. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi da aka taɓa aunawa har zuwa lokacin, ta ɗara zamanin kafin injuna da wajen digiri 1.5. A watan Afrilu na shekarar, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Iska mai ɗumi ta fi ɗaukar laima, kamar kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri guda. Hamadar Sahara kuma tana ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, wannan bambanci kuwa yana ƙara wa hadari ƙarfi. Shi ya sa in ya tashi zubarwa, sai ya zubar gaba ɗaya.

Maganar itatuwa fa? A ganinmu rabinta gaskiya ce. Saran itatuwan Andarai ba shi ne ya sauya tafiyar damina daga teku ba. Amma shi ne ya sa ruwan da ya sauka ba ya zama. Gonar da ba itace, ba kara, ba taki, ruwa gudu yake yi a kanta, iska kuma ba abin da zai tare ta. Manomin da ya ce tun da aka sare dajin nan gonarsa ta daina riƙe danshi, abin da ya gani da idonsa ya faɗa.

Zafi shi ma ɓarawon ruwa ne. Ko da ruwa bai ragu ba, in rana ta ƙara zafi, ƙasa za ta fi saurin bushewa, shuka kuma za ta fi jin ƙishi. Awo ya nuna zafin bazara a Sahel ya ƙaru, musamman da dare. Albasa da alkama kuwa sanyin dare suke so, saboda haka kukan mutanen Aliero ba abin rainawa ba ne. Game da ƙwari, sai mu yi hankali kada mu ɗora wa yanayi kome da kome. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, a 2016 aka fara ganinta a Nijeriya.

Mutanen fadama

Manomin tudu yana kukan fari, na fadama yana kukan ambaliya, sau da yawa cikin shekara guda. A ƙarshen Agusta da Satumba na 2020 ruwa ya shafe gonakin shinkafa a Jihar Kebbi, har ƙungiyar manoman shinkafa ta jihar ta ce kimanin hekta 450,000 ne suka nutse. Da yawa cikin manoman nan da bashi suka yi noman, gama tun daga 2015, sa'ad da aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya a Kebbi, mutane suka faɗaɗa gonaki ƙwarai a fadama. An yi manyan ambaliyoyi a ƙasar nan a 2010, da 2012, da 2022, da 2024.

Abin da ya kamata mutanen Jega su riƙe shi ne, Gulbin Zamfara daga nesa yake zuwa, ta wajen Anka da Gummi. Ruwan da zai ci gonarka, watakila ba ka ga hadarinsa ba. Gari na iya kwana uku ba ɗigo, ka tashi da safe ka ga gulbi ya hau. In ƙungiya tana da 'yan'uwa ko abokan ciniki a garuruwan da ke sama da gulbi, kiran waya guda bayan babban ruwa yana iya ba ku kwana ɗaya ko biyu na kwashe inji da abin da ya nuna.

Yadda za mu shirya

Tun da matsalar ta lokaci ce, abu na farko shi ne mu san lokacin namu da kanmu. Muna roƙon kowace ƙungiya ta kafa ma'aunin ruwa. Ba sai an saya ba. A sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne. A ɗaure shi a kan turke mai tsawon kamar mita guda, a fili, nesa da itace da indararo. Kowace safiya a lokaci guda, a tsoma rular 'yan makaranta a ciki, a karanta zurfin ruwan da milimita, a rubuta tare da kwanan wata, a zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba ma a rubuta sifiri, domin ranakun nan su ne muke nema. A cikin littafin kuma a sa ranar shuka, da ranar da aka sāke shuka, da ranar da gero ya fid da kai, da yawan damman da aka ɗaure. A tambayi mata su ma, gama su ne suka fi sanin labarin wake da gyaɗa da kuɓewa. Sakataren ƙungiya ko malamin makaranta na iya riƙe littafin, amma a koya wa yaro ɗaya ko biyu, saboda ranar da babba ya yi tafiya.

Da ma'aunin nan za ku iya gwada ƙa'idar da masu bincike na cibiyar ICRISAT a Nijar suka yi amfani da ita. Sun ce damina ta kama sosai in an sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fashin fiye da kwana bakwai ba cikin kwana talatin da suka biyo baya. Kashi na biyu na ƙa'idar ba mai iya saninsa sai ya wuce, amma na farko yana hannunmu. Yayyafin milimita 8 a farkon Mayu ba ruwan shuka ba ne, ko da ƙasa ta yi ƙamshi. Ba mu ce kada a yi shukar wuri ba, ba mu kuma hana binne ba. Geron da ya kama da ruwan farko yakan fi kowane kyau, dattawa sun san haka. Abin da muke cewa shi ne kada a zuba dukan iri da dukan taki a kan ruwan farko. A shuka wani sashi, a riƙe wani. Takin zamani kuwa a jira sai shuka ta kama, a sa kaɗan-kaɗan a gindi, kamar cikin murfin kwalba, a rufe da ƙasa, a raba shi sau biyu. Wanda aka watsa a sama, hadari guda ya ishe shi.

Tun da sāke shuka ya zama ruwan dare, ya kamata ƙungiya ta ajiye irin shuka ta biyu tun da kaka, sa'ad da hatsi ke da araha, a ba mai bukata, ya biya da kaka mai zuwa. Wannan ya fi a tara kuɗi a nemi iri a watan Yuni.

Game da iri, akwai geron SOSAT, wanda ke nuna cikin kwana kamar 90, da waken SAMPEA na cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, wanda wasu irinsa ke nuna cikin wata biyu da rabi. Suna da amfani ƙwarai in shuka ta makara. Ga mutanen fadama akwai shinkafa FARO 66 da FARO 67, da aka fitar a 2017, masu jure nutsewa har wajen mako biyu tun suna ganye. In ruwa ya rufe su bayan sun fid da kai, ba abin da za su iya. Amma kada zumuɗin sabon iri ya sa mu yar da na gida. Maiwa da dawa irin su kaura da farafara suna da wata baiwa. Ba kwanakin shuka suke ƙirgawa ba, tsawon yini suke bi. Ko an shuka su da wuri ko an makara, kusan lokaci guda za su fid da kai, wajen ƙarshen damina. Ga shekarar da farkonta ya rikice, wannan babbar riba ce. Inda suke kasawa shi ne in ruwa ya ɗauke da wuri. Mai saurin nuna kuma nasa aibin shi ne, in kai kaɗai ka shuka shi a karkara, tsuntsaye za su yi biki a gonarka, in kuma ya nuna cikin ruwa, sai ya yi fumfuna. Gona biyu, iri biyu, shi ne shawararmu, kuma 'yan ƙungiya masu gonaki kusa da juna su shuka mai saurin tare.

Sai maganar riƙe ruwa a gona. A yi kunya a gicciye da gangare, a bar wani kara a gona bayan girbi, a kai takin gida. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maradi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a kan kowane kututture, suna aske saura. Mutanen can suna kiransa sassaben zamani. An kiyasta itatuwa miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a Nijar ta irin wannan hanya. Sabara da kalgo da gawo muna da su a gonakinmu. Ba a dasa kome, ba a ban ruwa, wuƙa ce kawai da yarjejeniya da masu neman itacen wuta da makiyaya. Yarjejeniyar ita ce mai wuya, nan ne kuma ƙungiya da mai gari suke da aiki.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran kamawar ruwa da ɗaukewarsa a ƙananan hukumomi, har da fassarar Hausa. Ku tambayi malaman gona na hukumar KARDA, ku kuma saurari rediyo. Sai dai hasashe ne na ƙasa mai faɗi, ruwa kuwa yakan sauka a Maiyama ya tsallake Andarai. Ku rubuta ranar da hukumar ta faɗa a shafin farko na littafinku, ku rubuta ranar da ruwan ya zo muku a ƙarƙashinta. Ƙungiyar da ta cika littafin damina guda ta kawo shi taron bayan kaka, mu haɗa da na sauran garuruwa, mu buga muku a wannan takarda domin kowa ya ga kwana nawa aka yi ba ruwa bayan shukar farko a kowane gari.